Firinta ɗaya, kwamfutoci iri-iri: yadda ake gano bakin zaren idan bugu ya ƙi fita

A ofis ko shagon buga takardu inda firinta ɗaya ke yi wa kwamfutoci biyar ko shida aiki, koken da aka fi ji shi ne "jiya tana bugawa, yau ta ƙi." Wani lokaci kuma mai Windows yana bugawa lafiya lau, mai MacBook na gefensa ya tura takarda ta maƙale, mai Ubuntu ko ganin firintar bai yi ba. Abin da akasari ake rugawa a yi shi ne a cire direban firinta a sake sa shi. Wannan ya kamata ya zama mataki na ƙarshe, domin kafin takarda ta fito sai ta bi ta wurare da dama: layin jira na kwamfutarka, direba, netwok, ƙofar da firinta ke sauraro, sannan injin kansa. A fara bincike daga firinta a dawo baya zuwa kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, kada a tsallake.

## Da wace hanya aka raba firintar?

Kalmar "rabawa" tana ɗauke da abubuwa uku da ba su yi kama ba. Akwai firintar da ke da nata kebul na Ethernet ko Wi-Fi, tana da adireshin IP na kanta, kowa na iya yi mata magana kai tsaye. Akwai wadda aka jona da USB a jikin wata kwamfuta mai Windows, ita kuma kwamfutar ta raba ta ga sauran ta hanyar SMB, tsarin da Windows ke raba fayiloli da firintoci da shi. Akwai kuma wadda ke jikin Linux ko Mac, manhajar CUPS ce ke raba ta. Leƙa bayan firintar ka ga wace waya ce a jikinta. Idan USB ce kaɗai, to kwamfutar da take jone da ita ce uwar ɗaki: in ta mutu ko ta yi barci, bugu ya tsaya ga kowa, kuma rabin matsalolinka za su kasance na izini da kalmar sirri. Idan firintar tana da ramin Ethernet amma aka bar shi ba kowa ana ta fama da rabon USB, sayo kebul ka jona ta da rauta. Wannan gyara ɗaya yana kashe matsaloli da yawa da za a ambata a ƙasa.

## Firintar da kanta

Sa ta ta buga shafin bayaninta ba tare da kwamfuta ba. A masu allo, duba ƙarƙashin Reports ko Network Setup, sunan shafin yakan zama Configuration Page ko Network Summary. A marasa allo ana danne wani maɓalli ne na 'yan daƙiƙu, kuma maɓallin ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Idan wannan shafin bai fito ba, matsalar ba ta netwok ba ce: takarda ta maƙale, murfi bai rufu ba, tona ta ƙare, ko wuta ba ta kai ba. Firintar leza tana jan wuta mai yawa lokacin da take ɗumama sashen da ke gasa tona a jikin takarda, don haka ƙaramin UPS ko inbata mai rauni na iya sa ta yi ta kashe kanta tana tashi.

Idan shafin ya fito, nemo layin IPv4 Address. Abin da ka gani a nan zai gaya maka abubuwa da yawa. Adireshi mai farawa da 169.254 na nufin firinta ta nemi rauta ta ba ta adireshi ba ta samu amsa ba, sai ta laƙaba wa kanta. 0.0.0.0 na nufin ba ta ma hau netwok ɗin ba. Adireshi irin 10.24.6.31 alhali kwamfutocin ofis suna kan 192.168.8 yakan faru da firintocin hannu da aka shigo da su daga Turai ko Amurka: tsohon ofishinsu ya kafe musu adireshi, kuma suna riƙe da shi har yau. Maganin shi ne Restore Network Defaults daga menu na firintar, wanda ke mayar da ita kan karɓar adireshi daga rauta. Haka nan kada a ruɗe da Wi-Fi Direct. Sunan da ke farawa da DIRECT- da kake gani a jerin Wi-Fi ƙaramin netwok ne na firintar ita kaɗai. Hawa kansa ba ya nufin tana kan netwok ɗin ofis.

A kwamfutarka, duba naka adireshin: `ipconfig` a Windows, `ip a` a Linux, a Mac kuma System Settings, Network. A ƙaramin ofis mai mask 255.255.255.0, lambobi ukun farko dole su zo ɗaya. 192.168.8.20 da 192.168.8.50 suna gida ɗaya, 192.168.8.20 da 192.168.0.50 ba sa jin juna sai da mai haɗa su.

## Ɗauke wuta da sauyin adireshi

Wannan shi ne babban dalilin "jiya tana yi, yau ta ƙi" a wuraren da wuta ke zuwa tana tafiya. Rauta tana ba na'urori adireshi aro ne ta tsarin DHCP. Da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, komai ya kunnu a lokaci guda, kuma rautoci da yawa, musamman ƙananan MiFi, suna manta wa suka ba me. Firintar da jiya take 192.168.8.103 yau ta zama 192.168.8.107, wayar wani ma'aikaci ta gaje tsohon adireshin, kwamfutoci kuwa suna ta aika takardu can. Akwai kuma tseren tashi: firinta takan riga rauta gama kunnuwa, ta nemi adireshi ba a amsa ba, ta zauna kan 169.254. Kashe ta a sake kunnawa bayan rauta ta daidaita yana gyara na ranar kawai.

Gyaran dindindin iri biyu ne. Na farko, shiga shafin rauta ta burauza, ka nemi DHCP Reservation ko Static Lease ko IP and MAC Binding, ka ɗaure adireshin MAC na firintar da IP ɗaya. Adireshin MAC ɗin yana kan shafin da ka buga, haruffa da lambobi goma sha biyu. Lura cewa na kebul daban ne da na Wi-Fi, ka ɗauki na hanyar da take amfani da ita. Adireshin shiga rauta shi ne wanda `ipconfig` ya nuna a Default Gateway. A yawancin MiFi na Huawei 192.168.8.1 ne. Na biyu, idan rautar ba ta da wannan zaɓi, ka kafe adireshi a cikin firintar kanta, amma ka zaɓi lambar da ke wajen kewayon da rauta ke rabawa. In tana rabawa daga 100 zuwa 200, ba firinta 50. Idan ka ɗauki lamba daga cikin kewayon, wata rana za a ba wata waya irinta, na'urori biyu su yi karo, bugu ya riƙa yi yana ƙi ba tare da wani tsari ba, irin matsalar da ke cinye yini guda kafin a gane ta. Rubuta adireshin a takarda ka manna a jikin firinta. Rauta da swici kuwa a sa su a UPS, wutar da suke ci kaɗan ce.

A sauran bayanin nan za mu ɗauka firintar tana 192.168.8.50.

## Shin kwamfutar tana kaiwa gare ta?

Daga kwamfutar da ta ƙi bugawa, yi `ping 192.168.8.50`. Sannan buɗe burauza ka rubuta adireshin. Kusan duk firintar netwok tana da shafin sarrafawa a cikinta. Idan ya buɗe, hanya a buɗe take. Gargaɗin satifiket da burauza kan nuna a nan ba abin damuwa ba ne, firintar ce ta sa wa kanta hannu.

Ping kaɗai bai isa ba, domin bugu yana bi ta ƙofofin netwok takamaimai, wato port. Ƙofa 9100 ita ce ta aika bugu tsagwaronsa, wadda ake kira Raw ko JetDirect. Ƙofa 631 ta IPP ce, wadda AirPrint na Apple da Mopria na Android da CUPS ke amfani da ita. 515 ta tsohon tsarin LPD ce, 445 kuma ta rabon Windows. Gwada su. A PowerShell:

`Test-NetConnection 192.168.8.50 -Port 9100`

A Mac ko Linux:

`nc -vz 192.168.8.50 631`

Idan 9100 ta amsa 631 ta ƙi, ka samu dalilin da Windows ke bugawa amma Mac da iPhone ba sa yi: an kashe IPP a cikin firintar, ko kuma ta tsufa ba ta san shi ba. Koma shafin sarrafawa, ƙarƙashin Networking, ka kunna IPP da Bonjour (tsarin Apple na gano na'urori a netwok) ko AirPrint.

Idan ping ma bai tafi ba alhali adireshi daidai ne, abubuwan da za a zarga kaɗan ne. Akwai saitin rauta mai suna AP Isolation ko Client Isolation wanda ke hana na'urorin Wi-Fi magana da juna, kowa ya ga intanet amma kada ya ga maƙwabcinsa. A kashe shi. Wi-Fi na baƙi haka yake tun asali, kada a sa firinta ko ma'aikata a kansa. VPN da ke kunne a kwamfuta na iya kwashe dukkan zirga-zirga ya fita da ita waje, a kashe a gwada. Sai kuma ofishin da aka ƙara rauta ta biyu don Wi-Fi ya kai ɗakin baya, aka soka kebul a raminta na WAN: yanzu netwok biyu ke nan. Mayar da ta biyun zuwa Access Point Mode, ko ka kashe DHCP ɗinta ka soka kebul a ramin LAN.

Firintoci da yawa ba sa ganin Wi-Fi na 5 GHz, sai 2.4 GHz, tsofaffin kuma ba su san WPA3 ba. Idan an sauya rauta firinta ta kasa hawa, a nan za a duba.

Gano firinta da kanta, wato ta bayyana a jeri ba tare da ka rubuta adireshi ba, aikin mDNS ne a ƙofar UDP 5353 ga Apple da Linux da Android, Windows kuma tana ƙarawa da WSD. Waɗannan kiraye-kirayen ba sa tsallaka daga netwok zuwa wani. Rashin bayyana a jeri bai nuna ba za a iya bugawa ba. A sa ta da adireshi.

## Windows da firinta mai adireshin kanta

Idan aka bar Windows ta nemo firinta da kanta, takan haɗa ta da ƙofar WSD, kuma wannan ƙofar ce ta fi yawan nuna Offline alhali firinta na zaune lafiya. Buɗe Printer properties, shafin Ports. In ka ga suna mai farawa da WSD, danna Add Port, zaɓi Standard TCP/IP Port, rubuta 192.168.8.50. Bayan nan danna Configure Port, tabbatar Protocol na kan Raw da lamba 9100. A ƙasan wannan akwati akwai SNMP Status Enabled. Windows tana tambayar lafiyar firinta ta SNMP a ƙofar UDP 161, idan ba a amsa mata ba sai ta yanke hukuncin firinta ta mutu ta daina turawa. Cire alamar, sau da yawa takardun da suka taru za su fara fitowa nan take.

Don sabuwar haɗawa a Windows 11: Settings, Bluetooth & devices, Printers & scanners, Add device, jira har zaɓin ƙarawa da hannu ya fito, sannan Add a printer using an IP address or hostname.

Idan takarda ta kafe a layi ta ƙi fita ta ƙi gogewa, layin jiran ne ya toshe. Buɗe Command Prompt da ikon admin:

`net stop spooler`
`del /Q /F "%systemroot%\System32\spool\PRINTERS\*.*"`
`net start spooler`

Wannan yana share dukkan takardun da ke jira na kowace firinta a kwamfutar, a sanar da masu su. Idan Print Spooler yana mutuwa da kansa duk lokacin da aka tura bugu, to yanzu ne aka iso kan direba. Cire firintar, rubuta `printui /s /t2`, zaɓi direban, Remove driver and driver package. Cire firinta kaɗai ba ya cire direba, shi ya sa mutane ke "sake sawa" sau uku lalataccen yana nan. Sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar, ka kauce wa shafukan tara direbobi.

## Firintar USB da Windows ke rabawa

Nan ne wahala ta fi taruwa. A kwamfutar da firinta ke jikinta, fara da nau'in netwok: dole ya zama Private. In yana Public, katangar tsaro ta Windows tana rufe ƙofa 445. A Advanced sharing settings kunna Network discovery da File and printer sharing. A Printer properties, shafin Sharing, sa alama a Share this printer ka ba ta gajeren suna marar tazara, misali HP_Ofis. Mac da Linux za su fi jin daɗinsa. Kafe wa wannan kwamfutar adireshi kamar yadda aka yi wa firinta, a ce 192.168.8.20, sannan ka hana ta barci a saitin wuta.

Sai izini. Windows ba ta yarda asusun da ba shi da kalmar sirri ya shigo ta netwok, kuma lambar PIN da ake buɗe kwamfuta da ita ba ta aiki a nan. Hanya mafi tsafta ita ce a buɗe asusun gida na musamman a uwar ɗakin, a kira shi "bugu", marar ikon admin, mai kalmar sirri. A kowace kwamfuta mai Windows da za ta yi bugu, shiga Credential Manager, Windows Credentials, Add a Windows credential, ka sa adireshin uwar ɗaki da wannan asusu. Daga nan danna Windows da R, rubuta `\\192.168.8.20`. Idan firintar ta bayyana, danna ta sau biyu. Kashe Password protected sharing dabara ce da ta yi aiki shekaru, amma Windows 11 sigar 24H2 ta tsananta: a Pro tana buƙatar sa hannun SMB, kuma ta daina yarda da shigar baƙo marar suna. Asusu na gaske ya fi ɗorewa.

Lambobin kuskure da ake yawan gani suna da tarihi. A 2021 aka bankaɗo ramin tsaro a Print Spooler da aka sa wa suna PrintNightmare, Microsoft ta yi ta ɗaure tsarin a sabuntawa daban-daban. Daga Agusta 2021, sauko da direba daga kwamfutar da ke raba firinta yana buƙatar ikon admin. Don haka ma'aikacin da ba admin ba zai ga an tsayar da shi. Sa direban da hannu tukuna da asusun admin, sannan a haɗa. Kuskuren 0x0000011b ya yaɗu bayan sabuntawar Satumba 2021, lokacin da aka tilasta ɓoye zancen RPC, wato saƙonnin umarnin bugu, tsakanin kwamfutocin biyu. Yakan taso idan ɗaya ta sabuntu ɗaya ta tsaya a baya, kuma gyaran da ya dace shi ne a sabunta duka biyun. Akwai gyaran rajistar Windows (Registry) da ya shahara: a uwar ɗaki, ƙarƙashin `HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Print`, a ƙirƙiri DWORD mai suna `RpcAuthnLevelPrivacyEnabled` da ƙima 0, a sake tayar da spooler. Yana aiki, amma kariyar da aka sa ce yake cirewa. A ajiye shi don inda akwai tsohuwar Windows 7 da ba ta da sauran sabuntawa, tun da tallafinta ya ƙare a Janairu 2020.

Kurakuran 0x00000709 da 0x00000bc4 a Windows 11 daga sigar 22H2 sukan zo ne saboda ta koma neman firinta ta RPC a kan TCP, tsohuwar uwar ɗaki kuwa ta saba da hanyar da ake kira named pipes. A kwamfutar mai Windows 11, buɗe `gpedit.msc`, Computer Configuration, Administrative Templates, Printers, Configure RPC connection settings, kunna shi ka zaɓi RPC over named pipes. Sigar Home ba ta da gpedit. A can sai a ƙirƙiri DWORD `RpcUseNamedPipeProtocol` da ƙima 1 a `HKLM\Software\Policies\Microsoft\Windows NT\Printers\RPC`.

Idan duk wannan ya gagara, akwai hanyar zagaye mai kyau. Sa direban a kwamfutar da ke son bugawa, zaɓi Add a local printer, Create a new port, Local Port, a wurin suna ka rubuta `\\192.168.8.20\HP_Ofis`. Yanzu kwamfutar ce ke shirya bugun da direbanta, ta miƙa shi kamar fayil. Wannan dabarar tana kuma warware saɓani tsakanin Windows mai bit 32 da mai bit 64, waɗanda direbansu ba ɗaya ba ne. Abin da za ka rasa shi ne ganin matsayin tona da takarda daga nesa.

Windows ta tebur tana karɓar haɗi 20 ne kawai a lokaci guda. Cibiyar kwamfuta mai ɗalibai talatin ba za ta dogara da ita ba.

## Mac

System Settings, Printers & Scanners, Add Printer. Idan firinta mai netwok ce kuma ta bayyana da Bonjour, duba akwatin Use a ƙasa ya nuna AirPrint ko Secure AirPrint, shi ke nan ba ka buƙatar direba. In ba ta bayyana ba, je shafin IP, rubuta adireshi, ka zaɓi Protocol da kanka. Fara da AirPrint ko IPP. Ga tsofaffin LaserJet zaɓi HP Jetdirect - Socket, wato ƙofa 9100, sannan a Use ka zaɓi direban samfurin, ko Generic PostScript ko Generic PCL gwargwadon yaren da firintar ke ji.

Ga firintar da Windows ke rabawa, shafin Windows na wannan akwati sau da yawa fanko yake zuwa. Danna dama a saman akwatin, Customize Toolbar, jawo Advanced. A Type zaɓi Windows printer via spoolss, a URL rubuta `smb://192.168.8.20/HP_Ofis`. Windows ba za ta ba Mac direba ba, dole Mac ya kasance da nasa. Bugun farko zai tambayi suna da kalmar sirri: na asusun "bugu" na can ake so, Mac kuwa yakan cika sunan mai shi da kansa, a goge. Idan takarda ta tsaya da Hold for Authentication, tsohuwar kalmar sirri ce ke ajiye. Buɗe Keychain Access, nemo sunan firintar, goge abin da ka samu, ka sake turawa. In an riga an dagula komai, danna dama a jerin firintoci ka zaɓi Reset printing system, da sanin cewa zai share dukkan firintocin da ke Mac ɗin.

## Linux

Mac da Linux duk CUPS suke amfani da shi, don haka yawancin umarnin nan suna aiki a duka biyun. `lpstat -t` zai nuna kowace firinta, adireshin da take aikawa, da ko an dakatar da ita. Kalmar disabled a nan na nufin bugu ya taɓa gazawa CUPS ya tsayar da layin, kuma a wasu tsare-tsaren ba ya sake tashi da kansa ko firinta ta dawo. Idan sunan firintar Ofis ne, `cupsenable Ofis` zai tayar da shi, `cancel -a Ofis` ya share abin da ya taru. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, sauya ɗabi'ar gaba ɗaya:

`sudo lpadmin -p Ofis -o printer-error-policy=retry-job`

Ga firintar zamani mai IPP Everywhere ko AirPrint, layi ɗaya ya wadatar, ba direba:

`sudo lpadmin -p Ofis -E -v ipp://192.168.8.50/ipp/print -m everywhere`

Ga tsohuwa, adireshin zai zama `socket://192.168.8.50:9100` tare da direban da ya dace. Idan ba a ganin firintoci a jeri, duba ko `avahi-daemon` na gudana, ka gwada `avahi-browse -rt _ipp._tcp`. Don kaiwa ga rabon Windows, a Ubuntu sai an sa kunshin `smbclient`. Gwada shiga da `smbclient -L 192.168.8.20 -U bugu`. NT_STATUS_LOGON_FAILURE na nufin suna ko kalmar sirri ba daidai ba. NT_STATUS_ACCESS_DENIED na nufin an gane ka amma ba a ba ka izini ba. NT_STATUS_BAD_NETWORK_NAME kuma sunan rabon ne aka rubuta ba daidai ba.

Saƙon Filter failed matsalar direba ce ko wani kunshi da ya ɓace. Kunna cikakken rahoto da `cupsctl --debug-logging`, sake turawa, karanta `/var/log/cups/error_log`, a Fedora kuma `journalctl -u cups`. Ka tuna ka kashe shi bayan an gama, yana cika faifai.

A kula da ƙananan firintocin da ba su da ƙwaƙwalwar fassara shafi, irin su HP LaserJet 1020 da P1102 da Canon LBP2900, waɗanda suka cika shagunan buga takardu saboda arha da juriya. Ba sa jin PCL ko PostScript, kwamfuta ce ke yi musu dukkan aikin, don haka direban Generic ba zai taɓa motsa su ba. Na HP suna buƙatar HPLIP, manhajar direbobin HP ta Linux, da ƙarin da ake saukewa da `hp-plugin`, Canon ɗin kuma direban CAPT. LaserJet 1020 ma sai an loda mata firmware ta USB duk lokacin da aka kunna ta, shi ya sa takan yi shiru bayan ɗauke wuta har sai an cire kebul an mayar.

Ga ofishin da ke da irin wannan firinta da cakuɗen kwamfutoci, tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu ko Raspberry Pi ta fi Windows dacewa da zama uwar ɗaki. Da zarar firintar ta yi bugu a kanta, `cupsctl --share-printers` da `lpadmin -p Ofis -o printer-is-shared=true` za su raba ta, a buɗe ƙofa 631 a katanga ga netwok ɗin cikin gida kaɗai. Direba yana wuri ɗaya, sauran suna magana da IPP. Windows za ta haɗu ta Select a shared printer by name da `http://192.168.8.20:631/printers/Ofis`, Mac zai gan ta ta Bonjour, a Ubuntu da Debian har iPhone yana ganinta. Kada a taɓa buɗe 631 ga intanet.

## Wayoyi

iPhone AirPrint kaɗai ya sani, kuma ba ya ganin rabon Windows. Android tana da Default Print Service a saitin bugu, ko a sauko da Mopria Print Service. Dole wayar ta kasance kan Wi-Fi ɗin ofis. Idan ta koma kan data saboda intanet ɗin rauta ya ƙare, firinta za ta ɓace mata. Google Cloud Print da tsofaffin jagorori ke ambata an rufe shi a ƙarshen 2020.

## Ta karɓa, amma abin da ya fito ba shi ba ne

Shafuka masu layi ɗaya na alamomi marasa ma'ana, ko rubutu mai farawa da `%!PS-Adobe`, na nufin an aika wa firinta yaren da ba ta ji, yawanci PostScript ga wadda PCL kaɗai ta sani. Ƙofa 9100 ba ta tace komai, abin da aka zuba mata shi take bugawa, kuma fayil ɗaya na iya cinye rabin rim. Zare tiren takarda, soke aikin a firinta, share layin jira a kwamfutar da ta turo, sannan a sauya direba zuwa PCL 6 ko IPP.

Sai firintar da ke karɓar aiki ta tsaya fitila na ƙyaftawa, ko allonta ya ce Load Letter. Takardar da ake sayarwa a Najeriya da Nijar A4 ce, milimita 210 da 297. Kwamfutar da aka saita da yankin Amurka tana zaɓar Letter, milimita 216 da 279, firinta kuwa tana jiran a zuba mata takardar da babu ita a tire, duk wanda ke bayan wannan aikin a layi ya tsaya. A gyara a wuri uku: girman takardar tire a menu na firinta, Printing Defaults a shafin Advanced na Printer properties, domin shi ne ke bin masu haɗuwa ta rabo, da kuma cikin Word ɗin kansa a Layout, Size, tun da kowace takarda tana tafe da girmanta. A CUPS umarnin shi ne `lpadmin -p Ofis -o media=A4`, a Mac kuma akwai Default paper size a ƙasan Printers & Scanners.